Babin Haraji da Aka Ce In Yanke

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin fassara a Alƙahira, akwai wata Laraba ta watan Sha'aban da har yau ba ta fita daga raina ba. Tunda yawancinku bana kuka shigo ofishin nan, bari in ba ku labarinta.

A lokacin ina wata na biyu da kama aiki a ofishinmu na Hay el-Sabi', ban ma gama watannin gwaji ba. Tsarin kuwa kamar na yanzu ne: mai fassara ya yi nasa, mai bita ya duba Hausar ya sa hannu, sannan mudir, wato shugaban ofis, ya miƙa wa masu aikin. Mudir ɗinmu Ustaz Magdi ne, Bamisire mai kirki amma mai son sauri. Mai bita kuma Baba Usman, dattijo Bahaushen Sudan da yaƙi ya koro nan.

Littafin tarihi na ɗalibai aka ba ni, daga Larabci zuwa Hausa, na wata makaranta a gida. Babi na huɗu yana bayanin yadda mutanen Amurka suka ƙwaci kansu daga Ingila. Rabinsa yaƙi ne, rabinsa dokoki: harajin sukari, harajin takarda, harajin shayi, da dokar da ta ce wasu kayan ba za a sayar wa kowa ba sai Ingila, kuma a jiragenta za a ɗauka.

Ustaz Magdi ya duba ya ce, "Ya Sani, babin nan ya wuce shafukan da suka ba mu. Yanke maganar haraji, yara ba sa son ta. Bar musu yaƙin. Yalla, yi sauri."

Na ce, "Tamam, an gama, Ustaz." Ni ma a raina dokokin sun gundure ni.

Ranar Baba Usman bai zo ba, ƙafa ta matsa masa, don haka bayan azahar na hau jirgin ƙasa na metro na kai masa takardun gidansa a unguwar Ainu Shams. Ɗakinsa na hawa na huɗu. Fanka tana juyawa a hankali, ta taga kuma ana hango tattabarun maƙwabta suna kewaya rufin gidaje. Ya karanta babin, ya cire tabarau.

"Ɗana, ina dalilin yaƙin? Haka kawai mutane suka wayi gari suka ɗauki bindiga?"

Na nuna masa shafukan da na cire. Ya ce in karanta masa, ya jingina da bango ya lumshe ido. Na karanta yadda aka riƙa ɗora musu haraji daga wata majalisa da ke bayan teku, wadda ba su da ko wakili ɗaya a cikinta. Na karanta yadda suka daina sayen kayan Ingila, har matansu suka koma kaɗi da saƙa a gida don kada su sa yadin da aka kawo. A nan ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Kakana masaƙi ne."

Bai buɗe ido ba. Ya ce da Nasara suka ci ƙasar Hausa, sai suka ce ba za a ƙara biyan haraji da kuɗin wuri ko da zane ba, sai da kuɗinsu. Wanda ke son kuɗin kuwa sai ya kai musu audugarsa, su yanka farashi. Audugar ta tafi, ta dawo yadi, ya cika kasuwa. Kakan ya zauna gaban masaƙarsa babu zare, ga mai karɓar haraji yana sallama a ƙofa. Wata safiya ya kwance masaƙar, ya ɗaure itatuwanta a kan jaki, ya ce wa matarsa za su hajji. Suka nufi gabas. Shekaru suna tafiya, su yi noma a nan, su yi saƙa a can, har suka tsaya a bakin kogin Nilu, ba su ƙara gaba ba.

Ban sani ba ko zafin ranar ne ko muryarsa, amma sai ɗakin ya yi mini nisa. Na ga jakin yana tafe cikin rairayi, itatuwan masaƙa suna kaɗawa a gefensa. Can kuma na ga jirage a wata tashar ruwa mai hazo, da wata mata a bakin murhu tana murza zare. Ƙasashen biyu suka haɗe mini, na kasa raba wace ce ta littafi, wace ce ta Baba. Kiran sallar la'asar ne ya dawo da ni.

Baba ya ce, "Su suna da jirage da bindigogi, suka yi yaƙi. Kakana ƙafa kawai yake da ita, ya yi tafiya. Amma abin da ya tayar da su ɗaya ne." Ya ɗauki alƙalami. "In ka ce in sa hannu a haka, zan sa. Aikinka ne, ba na so ka rasa shi."

Na karɓi takardun ba tare da sa hannun ba.

Washegari na shiga wurin Ustaz Magdi, ina sane cewa a watannin gwaji kalma ɗaya ta mudir ta isa a sallami mutum. Na ce, "Ustaz, ina neman kwana biyu. Zan mayar da haraji, in rage jerin yaƙe-yaƙen. Shafukan ba za su ƙaru ba."

Ya ce, "Ba haka na ce ka yi ba."

Na ba shi labarin masaƙin a taƙaice. Sai ya ce kakarsa ma ta sha ba su labarin auduga a ƙauyensu, yadda ake noma ta a nan, a yanke farashinta a can. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, kwana biyu. In suka dawo da shi, kai za ka amsa."

Ba su dawo da shi ba. Daga baya malamin tarihin makarantar ya aiko cewa a wannan babin ne yara suka fi yin tambaya, wasu har suka koma gida suna tambayar kakanninsu. Na kai wa Baba Usman saƙon, ya sa na karanta masa sau biyu. Bai kai shekara bayan haka ba ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a wurin da ya gundure ka galibi wurin da ba ka gane ba ne tukuna. Kafin ku yanke layi, ku nemi wanda abin ya faɗa wa gidansu, ku karanta masa. In ya lumshe ido, ku bar layin a inda yake.