Arzika Mai Faci da Hanyar Zagaye ta Boɗinga

Da an idar da sallar asuba, Malam Arzika kan koma gida ya kurɓi kunu, ya saɓa famfonsa, ya nufi rumfarsa da ke bakin kwalta, daidai inda babbar hanya ta ratsa kasuwar Boɗinga. Facin taya ne sana'arsa tun yana saurayi. Amma ran kasuwa ba ya samun zama. Manyan motoci na gangarowa daga bakin iyaka ɗauke da shanu, waɗansu na haurowa daga wajen Shagari da gishiri da goro, ga motocin albasa, ga jakuna, ga amalanke, duk a hanya ɗaya da ba ta fi faɗin tabarma huɗu ba. Sai ya ɗaura jan ƙyalle a sanda ya shiga tsakiyar titi, ya tsai da wannan, ya ba wancan hannu, har rana ta karkata. Ba wanda ya ɗauke shi aikin. Ladansa daga direbobi, sau da yawa, zagi ne.

A watan jiya ya rufe rumfar. Ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da mutumin nan ya yi tun yana iya ji da kunnensa.

Abin ya faro ne shekara guda kafin mulkin farar hula. Wata ranar kasuwa da hantsi, motar shanu ta mutu a tsakiyar gari, hanya ta toshe gaba da baya. A cikin motocin da suka maƙale akwai wata a-kori-kura daga Danchadi, an ɗauko Khadijatu matar wani manomi, Yahaya, haihuwa ta gardama, za a kai ta asibiti Sakkwato. Arzika ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya yana bugun ƙofa yana roƙon a ja baya, amma babu wurin ja. Da zafi ya yi yawa aka sauko da ita rumfarsa, mata suka kewaye ta da zannuwa. Hanya ba ta buɗe ba sai bayan azahar. A lokacin Khadijatu ta riga ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Waɗanda suka ga abin sun ce Yahaya bai yi kuka ba. Ya dai dubi Arzika ya ce, "Malam, da mun bi ta gona da jaki, da tuni mun wuce."

Maganar nan ta hana Arzika sakat. Ya je wajen Malam Haliru mai rubuta wasiƙa a bakin kotu, ya ce a rubuta takarda ana roƙon a yi hanyar da za ta zaga gari ta yamma, manyan motoci su daina bi ta kasuwa. Ya bi gida gida yana neman a dangwala yatsa. Ba kowa ya yi murna ba. Inno mai tuwo, wadda direbobi ke cika rumfarta in hanya ta toshe, ta tare shi a gaban jama'a.

"Malam Arzika, mi munka yi maka? In motoci sunka bi baya, wa za shi cin tuwona?"

"Inno, ni ma wa za shi kawo min taya?" in ji shi. "Tare za mu ji yunwar. Amma ba ni son a sake rufe wata da zane cikin rumfata."

Inno ta koma rumfarta. Bayan kwana biyu ta aiko a kawo mata takardar.

Da lokacin zaɓe ya zo, duk ɗan takarar da ya tsaya a filin kasuwa sai ya yi alkawarin hanyar. Arzika ya gaskata su. Ya yi ta zarya zuwa ofishin masu hanyoyi a Sakkwato, ya zauna a benci daga safe har a tashi, a ce masa babban ya fita, ya dawo wani mako. Sau biyu takardar na ɓata, sau biyu Malam Haliru na sake rubutawa. A shekara ta biyu safiyo masu awon ƙasa suka zo suka kafa turaku masu jan kai tun daga hanyar Sifawa har bayan makabarta. Ranar Arzika ya yanka zakara. Sai kuma aka shiga tsuke bakin aljihu, shinkafa da sabulu suka zama sai an bi layi, albashin malamai ya maƙale, aka daina maganar kwalta. Gara ta ci waɗansu turakun, mata suka hura wuta da sauran. Soja suka karɓi mulki, ya sake komawa ofishin, ya tarar da sababbin fuskoki da tsohuwar amsa.

Matarsa Hajjo ta gaya mini ran da ya dawo daga wannan tafiya bai ci abinci ba. Ta ce masa, "Malam, ka huta hakanan. Kai kaɗai anka haifa garin ga?" Ya ce, "Na gaji, Hajjo. Wallahi na gaji." Washegari sai ga shi a ƙofar hakimi.

Abin da ya roƙa shi ne a bar jama'a su share hanyar da hannunsu. Matsalar ita ce layin ya bi ta gonakin mutum goma sha ɗaya, kuma a shekarar da hatsi ya yi tsada ba mai son rasa ko kunya guda. Aka yi ta gardama a zaure. Arzika ya ce a fara da tasa, wadda ya gada wajen mahaifinsa, layin ya raba ta biyu. Da suka ga da gaske yake, takwas suka yarda. Biyu suka ƙi har yau, shi ya sa hanyar ta yi wannan gwiwar da direbobi ke tsine wa kusa da tsamiya.

Da rani aka yi gayya. Yahaya ya zo daga Danchadi da mutum arba'in da gatura da kwanduna. Inno ta dafa musu tuwo. Aka sare kututture, aka ɗebo marmara a kan jakuna, wata uku ana abu ɗaya. Ran da motar shanu ta farko ta bi ta baya ta ɓulla kudu da gari ba ta taɓa kasuwa ba, Arzika ya zauna a gefen hanya, ya kasa tashi.

Ba zan ƙara gishiri ba. Burji ce, ba kwalta ba. Da damina takan yanke, motoci su dawo cikin gari, tsoho ya sake ɗaukar sandarsa. Cinikin faci kuwa ya mutu kamar yadda ya faɗa, domin wani ya buɗe rumfa a bakin sabuwar hanyar, shi kuma ba shi da ƙarfin ƙaura. Amma wata takwas a shekara, mai ciki da maras lafiya suna ratsa Boɗinga ran kasuwa ba tsayawa.

Malam Arzika, kai ne ka zauna a bencin ofis har aka san tarinka. Kai ne ka ba da gonar gado a shekarar yunwa, ka kashe cinikinka da hannunka kana sane. Bangon marasa murya, ba a sa sunanka a allo ba, ba a kira ka an ba ka ko hula ba. Mun gani, kuma mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar ido da ta gwiwa.

Na same shi shekaranjiya a zaurensa. Na tambaye shi ko yana sa ran ganin kwaltar. Ya ce, "Ni dai na bar zuwa Sakkwato, ƙafa ta ƙare. Takardun na nan wurin Haliru. Ofishin na hannun dama in ka shiga, kuma a tafi da ruwan sha, zaman na da tsawo."

Mutanen Boɗinga da na Shagari, da ku direbobi da ke bin hanyar nan kullum, kun ji. Damina saura wata biyu. Wani cikinmu ya je ya karɓi takardun.