Ba zazzaɓi ya kashe Iliyasu ba

Shekara bakwai ke nan da muka rufe ƙanena Iliyasu a ƙauyenmu, kusa da Garhanga. Duk mai tambaya, gidanmu kan ce zazzaɓi ne. Ni na daina faɗin haka.

Ya dawo daga ci-rani a Libiya ba ya magana, ba ya kwanan kirki. Da bazara, ana zuba zafi, shi yana cikin riga mai dogon hannu. Ranar da na ga tabon da ke hannuwansa na gane shi ke raunata kansa. Sau uku na kai shi asibitin ƙauye, sau uku aka wanke ciwon aka ɗaure. Karo na ƙarshe majo, babban malamin jinya, ya ce masa a gaban layin mutane: “Kai ba ka tsoron Allah? Ga masu ciwon gaskiya suna jira.” Iliyasu ya sauke hannun rigarsa, bai sake yarda mun koma ba. Kafin girbi muka rasa shi.

Watan jiya na raka maƙwabcina Habu wurin, shi ma da irin wannan ciwo. Yanzu wata matashiya ke aiki. Ta rufe ƙofa, ta ja masa kujera, ta ce: “Baba, ciwon hannu na gani. Faɗa mini wanda ban gani ba.” Na fita waje na yi kuka. Da Iliyasu ya ji wannan tambaya, me zai ce? Ina jin zai ce an makara, amma madalla.

Sai dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganin da ta rubuta babu shi sai a birnin Tawa. Ba wanda ya sa wa Habu ranar dawowa, ba wanda ya leƙo ya ga ko yana nan. Masu zuwa daga birni auna aikin asibitoci, ku daina duba takardu kaɗai. Ku tambayi mara lafiya ko an saurare shi, ko zai yarda ya komo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dangi sun ce na tona asirin gida. Na ji, ban kuma fasa ba. Iliyasu bai bar ɗa ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne ni, yayarsa, wadda duk ranar kasuwa take buga ƙofar Habu, ba ta tafiya sai ya amsa.