Yadda Na Zama Ɗan Tanko

Jama'a, sanarwa ta musamman: daga yau na janye ƙarar da na shekara arba'in ina yi wa mushen lakwal ɗinmu, wato malaminmu na makarantar boko, a zuciyata.

Sunan mahaifina Habu, amma duk takarduna Isufu Tanko suke cewa. Kullum nakan ce mushe ne ya yi kuskure, har na ƙudurta zuwa gidan shari'a a gyara, don 'ya'yana su ɗauki sunan kakansu.

Jiya a garin Yekuwa na faɗa wa Gwaggo, ƙanwar babana. Dariya ta yi har tana share hawaye.

"Kuskure? Kai da karatunka! Shekarar da aka zo ɗaukar yara lakwal, zamanin mulkin soja na farko, ubanka a rumbu ya ɓoye ka, ya tafi gona abinsa. Tanko mai haƙar rijiya ya ji kana ihu, ya zaro ka, duk jikinka ƙaiƙayi, ya kai ka gaban mushe."

"To, sai ya ba da sunansa?"

"Mushe ya ce, ɗan wa? Tanko ya ce, ubansa ya ajiye shi da gero, ni na tsinta, rubuta nawa."

Ashe mutumin da nake shirin goge sunansa shi ya sa na iya riƙe alƙalami. Na fasa gyaran. Ni ne na yi kuskure.

Ku fa, wa ya ba ku sunan da ke takardunku?