Hayaƙin Kasko

Yanzu idan tsohon direban ya bi ta gidan mai, ya ga 'yan kwalaben nan masu hoton ganye da ake jerawa a kanta, waɗanda aka ce daga tsirrai aka tatso su, ana tsiyayawa a tanki don a rage hayaƙi, sai ya ɗauki ɗaya ya jujjuya ta, ya mayar. "Mu da muka yi abin nan da tsohon zani da jarka," haka yake gaya wa masu sayar da man. Su kan yi dariya, suna zaton zancen tsofaffi ne. To ba ƙarya yake ba.

A zamaninsa bas gare shi, tasa ta kansa, doguwa mai shan dizal, wadda ya saya bayan ya gaji da tuƙa motocin mutane. Ma'aikatan masaƙa yake kwasa da sassafe daga ƙarshen gari inda gidansa yake, ya dawo da su da yamma. Yana ji da motar nan ba kaɗan ba. Ko tsuntsu ya yi mata kashi a gilashi sai ya bi shi da harara. Aibinta ɗaya, birkinta na iska ne, ba ta motsawa sai injin ya yi ta ruri a tsaye har iskar ta cika. Duk tsawon wannan lokaci yana zaune a kujerarsa, ƙafa a kan totur, ido a kan allurar da ke nuna iska, ko wuta aka ce ta kama ba zai sauko ba. Salansar kuwa daidai tagar ɗakinsu take kallo, don filin ƙofar gidan bai isa a juya motar ba.

Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ɗinki take yi. Kekenta na gindin wannan taga, nan ne kaɗai haske ke shigowa. Mace ce mai yawan tsokana, ita ce ke kiran hayaƙin motar turaren maigida. Sannu a hankali tari ya kama ta, irin mai fito a ƙirji. Da suka je asibiti, likita ya tambayi aikin mijin da inda motar ke kwana, sannan ya ce musu a fili: ko dai hayaƙin ya bar tagar, ko ƙirjin nan ya ci gaba da lalacewa.

Ya gwada kwanar da motar a bakin titi, aka cire batir. Ya sake gwadawa, aka kwance fitilu. Rannan ya zauna a bakin gado ya ce, "Maman yara, sayar da ita zan yi."

"Ka koma yi wa wani tuƙi da furfurarka? Baban yara, ban yarda ba. Tarin nan fa ba yau aka fara shi a duniya ba."

Dogo bakanike ne ya kawo shawarar. Ya taɓa aiki da injinan gona, ya ga ana tace man tsirrai ana gauraya kaɗan da dizal, baƙin hayaƙin ya ragu. Ya ce ko man da aka gama suya da shi zai yi, in dai an tace shi sosai, kuma kada a cika hannu.

Daga nan direba ya zama abin kallo. Mutumin da ko kwanon da ya ci abinci ba ya kawarwa, sai ga shi yana bin masu suya a tasha da jarka yana roƙon tsohon mai. Bayan gida ya mayar wurin aikinsa. Ya bar man ya kwanta, ya ɗumama shi, ya tace da tsohon zanin matarsa, ya sake tacewa, har ya fito garau. Ita kuma tana tsaye a ƙofar kicin tana cewa, "Sannu mai dafa wa mota miya. A sa mata gishiri ne?"

Abin mamaki, hayaƙin ya ragu. Wancan baƙin da ke tashi ya rufe layi ya koma siriri mai haske. Sai dai duk inda motar ta wuce ƙanshin suya ke binta. Fasinjojin da suka fito ba su karya ba suka fara ƙorafi, wai yana tayar musu da yunwa da gangan. Wani ya leƙo daga kujerar baya ya ce, "Direba, in ta soyu a miƙo mana!" Tun daga ranar sunan motar ya koma Kasko, shi kuma Mai Kasko, har 'ya'yansa a makaranta 'ya'yan Mai Kasko ake ce musu. Sau ɗaya zumuɗi ya sa ya cika hannu. Sanyin safiya ya sa man ya yi kauri, filta ta toshe a tsakiyar hanya, ma'aikatan masaƙa da kayan aikinsu suka sauko suna turi suna yi masa tsiya. Dogo ya wanke shi tas, shi ma bai ƙara ba.

Waɗannan su ne shekarun da yake ba da labarinsu har yau. Yara na tasowa, keken ɗinki na ƙara, mota cike safe da yamma. Babban abin kuma, ya daina jin tarin da safe. Da ya tayar da inji sai ta ce bari ta je ta ɗora ruwan shayi, kafin iska ta cika ta dawo ta miƙo masa kofi ta taga tana murmushi. Ya cika baki a tasha har aka gaji da shi. "Ni na warkar da matata da man suya," in ji shi, "ku je ku tambaye ta." Ita kuwa in aka tambaye ta sai ta ce ai gaskiya ya faɗa.

Wata safiya, bayan ya tayar da motar, ya tuna bai zuba haɗin man ranar ba, jarkar na bayan gida. Abin da bai taɓa yi ba ya yi: ya bar inji na ruri ya sauko. Yana zagaya kicin ya tsaya cak. Tana tsugune a lungun da ke tsakanin bango da tulin itace, ta cusa fuskarta cikin ƙunshin ƙyallayen ɗinki, kafaɗunta na girgiza. Tari take yi kamar ƙirjin zai tsage, rurin motar ya danne sautin. A gefenta ga 'yar kujera da zama ya goge ta har tana sheƙi, ga kofin ruwa, ga abin shaƙa na asibiti rataye a ƙusa. Duk wanda ya ga wurin ya san ba ranar aka fara ba.

Kunya ta kama shi, kunyar cika bakin da ya yi ta yi, da tausayin da bai san inda zai sa shi ba. Ba ta gan shi ba. Ya koma da baya a hankali, ya hau kujerarsa. Can sai ga ta da kofin shayi, ta wanke fuska, tana cewa, "Yau Kasko ta makara." Ya karɓa, ya ajiye kofin a gefe.

Kafin mako ya zagayo ya dawo gida a ƙafa. Ya ce mata injin ya buga, Dogo ya duba ya ce gyaran ya fi ƙarfinsu, don haka ya sallamar da motar ga wani mai sayen tsofaffin motoci. Ta yi salati, ta yi ta ba shi haƙuri. Ya samu tuƙi a wani kamfani, motar da ke kwana a can, ya koma gaishe da manajan da bai kai babban ɗansa ba. Da yamma in ya iso sai ya ɗan tsaya a filin ƙofar gida, inda tabon mai ya rage a ƙasa, kafin ya yi sallama. Ƙirjin nata kuwa ya lafa da gaske, har ta yi ƙiba.

Bayan wasu watanni, ranar hutu, yana zaune kusa da ita tana ɗinki, sai suka ji ruri daga babban titi. Ta ɗaga ƙafa daga keken, ta leƙa taga. Wata doguwar bas ce, an sake mata fenti, baƙin hayaƙin ya dawo yana binta, amma injin lafiya lau yake kaɗawa, tana hawa tudun titin da ƙarfinta.

"Baban yara, waccan ba Kasko ba ce?"

"Ita ce."

"Ka ce injin ya buga."

"To, wataƙila sun samu bakanike mai hannu."

Ta daɗe tana kallonsa. Shi kuwa ya duƙufa yana tsintar zare a tabarma.

"Yaushe ka gan ni?"

"Wata safiya."

Ta juya ga keken, ta gyara ƙyallen a ƙarƙashin allura, amma ba ta taka ba. "Da ka ƙyale ni, ai da na iya," ta ce a hankali.

"Na san za ki iya," ya ce. "Ni ne ba zan iya ba."