Malam Jinjiri da Furannin Dajin Rugu

Da an sallame sallar asuba, Malam Jinjiri ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Gida yake wucewa, ya ɗebi ruwan sama a randar da ya keɓe, ya tsoma 'yar tsintsiya yana yayyafa wa wasu tsirrai da ke ɗaure a jikin mangwaron tsakar gida. Manta-uwa ake ce musu. Ba sa son ƙasa, a jikin itace suke kama saiwa, in rani ya kama kuma su fid da fure rawaya mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa.

Mutumin Runka ne, a gadin dajin Rugu ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Duk inda masu gawayi suka kayar da babban itace, shi ke bin bayansu ya ɓamɓaro tsiron kafin rana ta kashe shi, ya goyo shi a keke. A gida sai ya ɗaure shi da rama a jikin bishiya, ko ya dasa a fasasshiyar tukunya da gawayi da ɓawon itace. Har gidansa ya zama wurin kallo.

Almustapha mahauci, maƙwabcinsa a Runka, yakan tsokane shi: "Malam, wai miya ake yi da shi ne?"

"A'a. Amma Wanda ya halicci kuka Shi ya halicce shi, bai kuma nemi shawarata ba."

Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, Malam Jinjiri ya kwaso iyalinsa a bayan a-kori-kura zuwa Batsari, gidan 'yarsa Zuwairatu. Hatsi ma da ƙyar ya samu wuri, balle fure. Bayan wata biyu ya ce zai koma Runka ya duba tsirransa. Zuwairatu ta tare ƙofa tana kuka: "Baba, a kan ciyawa za ka mai da mu marayu?"

Ya tafi. Almustapha, wanda shi ma ya yi hijira zuwa Batsari, shi ne ya goya shi a babur, shi ne kuma ya ba da labarin. Sun tarar an sare bishiyoyin gidan, tukwane a kife, tsirran sun bushe ƙayau. Tsohon ya durƙusa yana latsa su ɗaya bayan ɗaya, har ya samu uku masu sauran ɗanyantaka. Ya naɗe su a rawaninsa. Suka juyo Batsari.

Waɗannan ukun ne suka yaɗu suka rufe mangwaron Zuwairatu. Amma idon Malam Jinjiri ya fara dushewa. Bana da suka yi fure, da yatsa ya shafa su, ya tambayi 'yarsa ko ɗigon ya fito sosai.

"Ba waɗanda suka mutu ke damuna ba," in ji shi. "Da tun ina da ƙarfi na bi gida-gida na rarraba su, da ba a rana ɗaya za su ƙare ba. Na jira a roƙa, ba wanda ya roƙa."

Malam Jinjiri, kai ne ka bi bayan gatari kana tsince abin da ya bari. Kai ne ka shayar da abin da ba ya cika rumbu, ba ka nemi ko sannu ba. Dajin da ka yi wa gadi yau ya fi ƙarfin shigarmu, sai ɗan guntun da ka naɗo a rawani. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya haskaka ganinka.

Jama'ar Batsari da Safana, tsohon yana nan, ƙofarsa a buɗe. Mai bishiya a gida ya je ya karɓi reshe, ya zauna a nuna masa ɗaurin, tun hannun da ya iya bai daina aiki ba.