Rediyonmu da Faɗuwar Rana

A shekarar da azumi ya zo ƙarshen sanyi, ƙungiyarmu ta Hausawan London ta samu lasisin gidan rediyo na wata guda. A zangon AM aka ba mu, a aji mafi ƙanƙanta. Ɗakin watsa shirye-shiryen yana saman wani shagon waya a Whitechapel, eriya kuma tana kan rufi tare da tattabaru. Ni aka ba shirin gab da buɗa-baki, saboda ina tashi daga aikin kemis da wuri, kuma an ce muryata ba ta rawa.

A lokacin Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo daga Kano don aikin ido, tana zaune gidan ɗanta a unguwar Abbey Wood, can gefen London. An hana ta kallon talabijin, sai na kai mata ƙaramar rediyo, na saita mata tasharmu, na ce kada a taɓa.

Ran azumi na biyu ta kira ni.

"Ɗan nan, wane ne wannan da kuke tare da shi?"

"Ni kaɗai ne, Gwaggo."

"A'a. Kana cikin magana sai wani ya shigo da ihu, kai kuma ka yi shiru. Ko gaba yake da kai a wurin aikin?"

Na ce zan bincika. Washegari ɗanta ya ɗauko min sautin a waya. Ga ni nan ina bayanin falalar dabino, sai muryata ta riƙa nutsewa, wani mutum ya taso yana sharhin ƙwallo da Sifaniyanci. Kiran sallar da muka saka bai isa Abbey Wood ba sam.

Na kai maganar gaban kwamiti. Shugabanmu likita ne, shi ya yi ta kai-kawo wajen neman lasisin. Ya ce ai an faɗa masa tun farko: da rana ta faɗi, zangon AM yakan yi tafiya mai nisa, manyan tashoshin ƙasashen waje su sauko mana. Manyan tashoshi ake karewa daga irin wannan katsalandan da dare. Ajinmu ba shi da wannan gatan.

Ma'aji ya ce, "To mu ƙara ƙarfi mana."

"Mu ƙara, a yi mana cancel, a ƙwace lasisin," in ji shugaba.

Wani dattijo ya tambaya ko za a iya roƙon mutanen Sifen su dakata minti goma a sha ruwa. Aka ce za a duba. Ba a duba ba.

Gwaggo kuwa ta samo wa kanta mafita. Ta ce in dai mutumin ya fara leƙowa, to magariba ta kusa, sai ta sa jikokinta su fito da kunu. Su kuma su amsa mata da Turanci su fito da shi. Takan jira agogo kafin ta kai dabino baki, amma ta ce mutumin bai taɓa makara ba, ni kuwa ta lura nakan makara.

Bayan Sallah lasisi ya ƙare, muka sauke eriya. Ana nan sai ga saƙo daga wani Bature a arewacin Finland. Ya ce kamo tashoshi masu nisa shi ne abin sha'awarsa, kuma wani maraice ya kamo mu na ɗan lokaci. Ya haɗo da sautin, yana tambaya wane harshe ne wannan mai daɗi, kuma me ake cewa.

Na saurara. Muryata ce, tas, yadda Gwaggo ba ta taɓa jin ta da magariba ba. Ina roƙon mai jar mota da ya tare ƙofar shagon ƙasa ya zo ya gyara fakin.

Na rubuta masa cewa Hausa ce, kuma sanarwa ce ga al'umma.