Tukunyar Gwaten Mama

Da zuciya ɗaya na tafi bikin nan. Tun ina budurwa a Jos nake karanta littattafan soyayya, kuma shafin ƙarshe na fi so, inda dangi biyu ke rungumar juna bayan doguwar gaba. Da aka ce mutanenmu na Arewa da ke nan garin Greensboro na Amurka, Musulmi da Kirista, za su yi bikin al'adun gargajiya da sulhu, sai na ɗauka shafin nan zan gani da idona. Har ƙunshi na yi.

Akwai wata dattijuwa 'yar Birom da muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi, kowa Mama yake ce mata. An ƙone gidanta a rikicin Jos, an ƙone shagon babana a rikicin nan dai, ba mu taɓa tayar da zancen ba. Ita ta ce za ta yi gwate, faten accan mutanensu mai ganye da nama.

A Jos ta da, in Kirista zai yi biki, maƙwabcinsa Musulmi yake kira ya yanka masa dabba, don kowa ya ci hankali kwance. Mama ba ta manta ba. Ta sayi akuya a wata gona bayan gari, ta roƙi wani Malam, direban babbar mota, ya je ya yanka. Ni na kai su a motata. A gabana ya yi bisimilla ya sa wuƙa.

Ranar biki, a ɗakin taron da aka kama a titin Gate City Boulevard, an yi rawa, an busa sarewa, yara sun sha kayan saƙi suna amsa wa iyayensu da Turanci. Alhajin da ya shugabanci taron, mai gida a Irving Park, unguwar masu kuɗi, ya yi jawabi a kan yafiya har muryarsa na rawa. Wallahi sai da na yi hawaye.

Sai aka buɗe abinci. Kiristoci suka ci masarmu da miyar taushe har suka suɗe kwano. Namu kuwa, in sun iso kan tukunyar Mama sai su yi mata murmushi su wuce. Tana tsaye da ludayi a hannu.

Na cika kwano na kai teburin manya.

"Alhaji, ga gwaten Mama."

"Allah ya yi albarka, 'yata. Wa ya yanka?"

"Ga shi nan kusa da kai. Malam, faɗa masa mana."

Malam ya sunkuya kan wayarsa. "To, ni dai yanka na yi, Hajiya. Ban ga tukunyar da aka dafa ba."

Sabuwa ce fil. Tare muka sayo ta, da gangan ma Mama ta bar takardar shago manne a murfin. Na faɗi haka da ƙarfi, mata suka shiga jan mayafina, wai in yi haƙuri, taron sulhu ne. Sulhu! Na ja kujera a gabansu na cinye kwanon, na ƙaro. Ba wanda ya biyo ni.

Mama ta zo ta dafa kafaɗata. "Ya isa, 'yata, kar cikinki ya ɓaci."

Mu biyu muka kinkimi tukunyar zuwa mota, nauyinta kusan yadda muka shigo da ita.

Har yau in na tuna rawar muryar Alhaji zuciyata tafasa take. Bara an sake bikin, ya sake jawabin. Na ce wa Mama kada ta je, ta ce za ta. Ta shigo da katan ɗin ruwan roba, ko ledarsa ba a yage ba, ta ajiye a kan tebur ta nemi wuri ta zauna. Tas aka shanye shi.